Malam Kailani da Wilin Injin Keziya

Duk mai bin hanyar kasuwar Tudun Wada da sassafe ya san rumfar Malam Kailani. Kafin masu koko su sauke tukwane ya riga ya share ƙofa, ya jera magagarai da sifanu a kan buhu, ya ɗiga wa injin fiƙe ƙarfensa mai, ya zauna jiran marasa lafiya. Haka yake kiran injinan da ake kawo masa. Ba ya kwance ko noti ɗaya sai ya tambayi mai kaya, "Yaushe ya fara? Wane irin kuka ya yi kafin ya tsaya?" In injin na iya tashi, sai ya kafa masa sandar ƙarfe, ya kara ɗaya bakin a kunne, ya lumshe ido yana saurare.

Bana, 1958, idon Malam ya yi rauni, ya ce zai ajiye aiki bayan kaka. Tun da ya baro ma'aikatar jirgin ƙasa, teloli daga Gyallesu da masu injin ɓare gyaɗa suke sallama a ƙofarsa, kowa da shaidar da zai bayar. Amma wadda ta fi ratsa zuciya ita ce ta Ɗantsoho maƙeri.

Bara waccan wilin injin niƙan Malama Keziya, wato faifan ƙarfen da bel ke juyawa, ya tsage. Mijinta, malamin makarantar mishan, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, injin nan ne abincinsu. Ta kai wa maƙwabcinta Ɗantsoho, maƙeri ɗan maƙeri, wanda garmarsa ta yi suna har Hanwa. Ya like tsagar da tagulla, aiki tsaf. Sai dai da ya gama, hannu ya yi abin da ya saba tun ƙuruciya: ya tsoma wilin a ruwa da zafinsa, yadda ake yi wa fartanya don ta yi tauri. Shi kuwa ƙarfen zubi ba ya ɗaukar wannan. Ana tayar da inji sabuwar tsaga ta buɗe, bel ya fice, garin mutane ya watse a ƙasa.

Kai, bakin Tudun Wada! Aka ce hannun Ɗantsoho ya lalace, aka ce an yi masa asiri. Manoma suka kwashe garemaninsu zuwa wasu maƙeru. Ga damina na matsowa, maƙerar da ya gada daga kakanni ko hayaƙi ba ta yi, har ya fara zancen barin gari.

Keziya ta sa aka ɗauko wilin zuwa rumfar Malam Kailani. Ya shafa tsagar da yatsa, ya dubi Keziya.

"Malama, a mayar wa Ɗantsoho."

"Haba Malam! Shi da ya kashe mini shi?"

"Ki yi haƙuri. Wutarsa ta fi tawa. Zan bi shi can."

Ɗantsoho na ganinsa ya sunkuyar da kai. "Malam, ka zo ganin abin kunya ke nan?"

"Na zo aron wuta. Duba, likinka ko motsi bai yi ba. Ruwa ka ba shi?"

"Na ba shi."

"To, shi wannan ba fartanya ba ne, toka yake so. Tashi mu gasa shi gaba ɗaya."

Masu wucewa suka ga abin da ba su taɓa gani ba: dattijo mai furfura, gwanin injuna, zaune a ƙasa yana buga zuga-zugi, Ɗantsoho na narka tagulla a tsaga. Da aka gama suka binne wilin cikin toka mai zafi. Hannun Ɗantsoho na ƙaiƙayi ya tona ya gani, Malam ya ce, "A'a, maƙeri, bar shi ya huce don kansa, ba biki za shi ba." Ranar da za a ɗaura, Malam ko leƙe bai je ba. Ɗantsoho ne ya ɗaura a gaban matan unguwa, inji ya tashi, har yau yana niƙa.

Kai ne, Malam, da ka gane ba wili kaɗai ya tsage ba, har da sunan mutum. Da a ce ka gyara a rumfarka, da Keziya ta sami injinta, kai ka ƙara suna, Ɗantsoho kuwa ya tafi ke nan. Gwani mai rufa asirin ɗan'uwa! Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara wa idonka haske. Ku kuma masu sana'a, in aikin wani ya lalace ya faɗo hannunku, ku tuna akwai gida a bayan wannan aikin, kada ku yi saurin kiran jama'a su zo kallo.

Da ba don Ɗantsoho ba, da ba wanda zai san sirrin tokar nan. Shi ya tashi da kansa makon jiya a ƙofar rumfar, gaban mutane, ya fayyace komai. Aka juya ga Malam Kailani a ji ta bakinsa. Ya gyara zama ya ce, "Ku daina biye masa. Shi ya yi gyaransa, ni zuga kawai na yi."