Ranar da Direba Ba-Birki Ya Makance

Ban taɓa mantawa da ranar da na ga sunan Malam Isiyaku a ƙarƙashin zanen da na yi da hannuna ba. Ya goge nawa, ya buga nasa da tafireta, har ya ja masa layi. Abin da ya yi mini ke nan. Tunda ku masu zanen yanzu kun ce in ba ku labari, to ga shi, ban ƙara masa komai ba.

A farkon shekarar 1972 ne. Ina da rumfa a bakin tasha nan Keffi, gida kuma a Liman Abaji. Aji huɗu na yi a firamare na fito, ba don na ƙoshi ba. Sana'ata biyu ce. Ta farko jarfa: allura uku a ɗaure da zare, da baƙin hayaƙin fitila a kwaɓe, in zana wa direba ko tsohon soja abin da yake so a dantse, sunan mace, ko kunama, ko lambar mota. Malaman unguwarmu ba sa so. Sun faɗa mini, na ji. Ta biyun ita ce nake ji da ita: ɗan littafin zane mai shafi takwas. Ni ke zanawa, ni ke ninkewa, ni ke ɗinkewa da zare, ni ke tallarsa a tasha. Jarumin ciki wani direba ne gajere mai haƙori ɗaya da manyan idanu, ana kiransa Ba-Birki. Duk wata sai ya yi sabuwar ɓarna, ya faɗa kwalbati ko ya shiga kasuwa da lodin doya, ya fito yana cewa laifin hanya ne. A ƙasan kowane shafi ina sa sunana ƙarami: Sule Mai Zane.

Sai na yi muku bayanin sitansil, don ku ba ku same shi ba. Doguwar takarda ce mai kaki irin na kyandir a jiki. Ana karce ta da alƙalamin ƙarfe marar tawada. Duk inda ka karce, nan tawada za ta bi. Sai a naɗe ta a jikin gangar injin gurza takarda, a riƙa juya hannu, kofi na fita ɗaya bayan ɗaya. In an yi kuskure, akwai wani jan ruwa mai wari da ake shafawa, ya bushe, wurin ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Doka ɗaya ce a aikin: ba a rufe da'ira. In ka zagaye ido ko taya ka haɗe layin ruf, to tsakiyar ba abin da ke riƙe da ita. Za ta daure juyi ashirin, ko talatin, daga nan ta faɗi, tawada ta cike ramin, ya fito baƙi ƙirin. Shi ya sa kowane ido nake bar masa 'yar kafa biyu, sirara kamar gashi, wadda mai karatu ba ya gani. Ba wanda ya koya mini. Da takardata na koya, rim guda, ɗaurin takarda ɗari biyar, na zubar.

Inji ba nawa ba ne. Na wani ofis ne, kuma makullin ɗakinsa na hannun Malam Isiyaku, akawu mai buga tafireta. Sama da shi akwai babban akawu, sama da wancan akwai jami'in wayar da kai, ƙasa da Malam Isiyaku kuma Baba Masinja, dattijo mai juya hannun inji. Ranar Asabar in an tashi da rana, Malam Isiyaku kan buɗe mini. Takardata ce, tawadata ce. Ni kuma na rubuta masa allon suna na ƙofar gida, na zana masa hoton mahaifinsa. Tsofaffin sitansil ɗina yakan ce in bar su a durowarsa, kada ɓera ya ci su a rumfa. Na ɗauka kirki ne.

A shekarar ne aka ce motoci za su bar hannun hagu su koma dama. Ofis na son littafi mai hotuna da za a raba wa direbobi, tunda yawancinsu ba boko. Jami'in ya ga Ba-Birki a kan teburin Malam Isiyaku, ya yi dariya, ya ce wa ya yi wannan? Malam Isiyaku ya ce shi ne, a lokacin hutunsa. Ya ciro tsofaffin sitansil ɗina, ya shafe sunana da jan ruwan nan, ya buga nasa, ya gurza samfur ya kai. Aka ba shi aikin.

Ni ban sani ba sai da Bulus ya zo. Bulus direban gingimari ne, mutumin Agwada, kuma shekara biyu kafin nan na zana masa Ba-Birki a dantsensa na dama, har da haƙorin. Ya jefa mini samfurin a cinya, ya ce, "Mai Zane, ashe ɗan wani ka ɗora mini a hannu? An ce akawu ne ubansa."

Na duba. Na sake dubawa. Inda sunana yake har ana ganin inuwar shafewar.

Ranar Litinin na sa rigata mai kyau, Bulus ya raka ni, muka shiga wurin jami'in. Malam Isiyaku na gefe yana buga tafireta, bai ɗago ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, zanen nan nawa ne."

Ya ce, "Kana da takardar shaidar koyon zane?"

Na ce ba ni da ita.

"Aji nawa ka yi?"

"Huɗu."

Ya ce, "To ka gani."

Bulus ya naɗe hannun riga, ya ɗora dantsensa a kan tebur, a kan fayil. Ya ce, "Oga, ga shaida. Shekara biyu yana nan, da shi nake wanka."

Jami'in ya leƙa, ya gyara tabarau, ya ce lallai sun yi kama. Amma hannu ba takarda ba ne, ba kwanan wata a jiki, ba hatimi, kuma ba yadda za a yi a sa shi a fayil. Bulus ya ce in ana so a sa, shi dai sai an haɗa da shi gaba ɗaya, kuma yana da lodi zuwa Akwanga. Jami'in bai yi dariya ba. Ya ce in ina da ƙorafi in rubuto da Turanci, kofi uku. Muka fito. Daga Asabar ɗin nan ɗakin inji ya rufe gare ni.

To amma tsofaffin shafuka ba sa maganar hannun dama. Dole a zana sababbi. Baba Masinja ne ya ba ni labarin yadda aka yi. Malam Isiyaku ya riƙa manna tsohon zanena a gilashin taga, ya ɗora sitansil a kai, yana bin layi. Mutum ne mai tsabtar aiki, wannan ba zan hana shi ba. Duk inda ya ga 'yar kafar da na bari, sai ya ɗauka sakacin ɗan aji huɗu ne, ya rufe ta, ya danne da kyau. Ido, taya, fitilar mota, sitiyari, bai bar ko ɗaya ba. Kowane shafi sai ya tsaya a gurza goman farko, ya ga sun fito tsaf, ya kwashe ya kai wa jami'i, ya bar Baba da juyi. Na ce, "Baba, kai ba ka gani ba?" Ya ce, "Na gani mana. Juyawa aka ce in yi, ba dubawa ba."

Ranar rabo aka jera benci a tasha, kusa da rumfata. Jami'in ya yi jawabi, ya gabatar da Malam Isiyaku, ya ce ga haziƙin ma'aikaci. Aka tafa. Aka kwance ɗauri aka fara miƙawa. Ina zaune ina yi wa wani kunama a hannu, ban tashi ba.

Direbobi suka buɗe, suna juya shafi. Sai wani direba ya ce, "Kai, wa ya ƙwaƙule wa Ba-Birki ido?"

A kowane shafi, ramuka biyu baƙaƙe a fuska. Fasinjoji haka, ɗan sandan da ke ba da hannu haka, akuyar da ke tsallaka titi ita ma haka. Mota ba fitila, sitiyari kamar baƙar tukunya. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe cewa direba ya buɗe ido ya kama dama.

Wani ya ce, "Yallaɓai, shi ya ga damar kafin ya nuna mana?" Wani ya ce ai shi ya sa gwamnati ta canza hannu, ta gaji. Bulus ya hau kan benci ya ɗaga dantse, ya ce, "Nawa dai yana gani! Mai son mai ido ya zo ya kalla, kyauta!" Jami'in ya juya shafi, ya juya, ya kai ƙarshe, ya karanta sunan da aka ja wa layi. Ya dubi mai sunan. Ya ce a tattara.

Kada ku ɗauka daga nan aka kira ni aka ba ni haƙuri. Ba a kira ni ba. An soke littafin, aka rarraba wata takarda mai rubutu zalla, direbobi suka ƙunsa gyaɗa da ita. Malam Isiyaku ya sha takardar gargaɗi, bayan 'yan shekaru kuma ya zama babban akawu. Ni kuwa shekara uku Ba-Birki bai fita ba, don ba inji, kuma da ya dawo mutane sun saba da rashinsa. Har yau akwai masu ce mini, ai wani akawu ne ya fara shi. Abin da na koya ke nan: a wannan sana'a mai makullin inji ya fi mai hannu, kuma abin da ke riƙe da aikinka sau da yawa shi ne abin da mai kwafa zai ɗauka kuskure ne. Ku riƙe sitansil ɗinku a gida, ko ɓera zai ci.

Amma kafin a soke, Malam Isiyaku ya zo wurina. Washegarin rabo, da hantsi, ya tsaya a bakin rumfata da sababbin sitansil a hammata. Ya yi sallama, na amsa. Ya tambayi iyali, na ce lafiya.

Ya ce, "Sule, abin da ya wuce ya wuce. An ba ni kwana uku in gyara. Ka zana, ni in gurza."

Na ce, "Sunan wa za a sa, Malam?"

Ya ce ai nasa ya riga ya shiga fayil, ba ya fita. Amma a bangon baya, can ƙasa, ana iya sa nawa a matsayin mataimaki. Ya ce wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga mutum irina.

Na jawo masa benci. Na ɗauko allura uku, na ɗaure su da sabon zare, na kwaɓa baƙi a murfin gwangwani. Yana kallona.

Ya ce, "Wannan kuma na mene ne?"

Na ce, "Zan zana maka, Malam, shafi takwas, kowa da idonsa. Amma na sa sunana a takarda ka shafe shi da jan ruwa. Naɗe hannun rigarka in rubuta shi inda ba ya shafuwa."