Shekarar da Yaya Sanda Ya Cire Ƙofofin da Ya Kafa

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana, Umaru Sanda Kafinta, mutumin Unguwar Lalle ta ƙasar Sabon Birni. Ni ce autarsu. Lokacin da ya rasu ina da goyon fari, yau kuwa ina da jikoki, na koyar a makarantar firamare har na yi ritaya, na kuma girme shi da shekaru masu yawa. Duk da haka in na ambace shi Yaya nake cewa, bakina bai iya wani sunan ba.

Gidanmu gidan noma ne, gero da dawa. Shi kaɗai ya fita daban. Ya tafi Isa yana saurayi ya zauna wurin wani kafinta Bayarabe, ya komo da zarto da guduma da kurfin sassaƙa a cikin buhu. Yana yin kujeru da akwatin amare in an sa shi, amma aikin da aka san shi da shi kafa ƙofar ɗaki ne. A wancan zamani yawancin ɗakunan mata asabari ake ratayawa, ko a jingina tufaniya. Da aka sami 'yan shekarun albarka, gyaɗa da auduga suka yi kyau, sai kowane magidanci ya so matarsa ta sami ƙyauren katako. Daga Gatawa har Tsamaye, Yaya ake aika wa.

Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka aikin ba wuya. Ginin ƙasa ba ya miƙewa sak, kowane bango da irin karkatarsa. Sai ya ɗaura ɗan dutse a igiya ya sake shi daga sama, ya duba inda bangon ya kauce, ya sassaƙe nan, ya cike can. Sannan ya tsayar da dogaran ƙofa biyu, ya ɗora na sama a kansu, ya shafe su da baƙin mai saboda gara. Bayan ya rataya ƙyaure sai ya bi gefe da siraran katako ya rufe inda firam, wato katakon da ya kewaye ƙofar, ya haɗu da ginin ƙasa. Wasu magidanta kan ce wannan ado ne kawai, a bar shi. Ba ya yarda. Yakan tuna musu cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a ɗakin da jariri ke rarrafe ba ƙadangare ake tsoro ba, kunama ce. Yana da taurin kai a kan wannan, har ya taɓa kwashe kayan aikinsa ya bar wani gida saboda an hana shi. Ba waliyyi ba ne, yana da zuciya, kuma in ya yi fushi sai ya wuni bai ce wa kowa uffan ba.

Kullum yana barin ɗan sarari tsakanin ƙyaure da firam, domin katako yana kumbura da damina. Ta nan ya fara jin abin da ke tafe. Na tuna wata rana ya zo gidana a Sabon Birni, inda na yi aure, a watan da ya kamata a ce ruwa ya zauna. Ƙofar uwar ɗakina shi ya kafa ta, ita ce gudummawarsa ta bikina. Ya tura ƙyauren ya ja, ya sake turawa, sai ya ce da ni, “Auta, katako bai sha ruwa ba bana.” Ya zauna ya sha fura.

Shekarar farko ta fari mutane suka ci abin da ke rumbu. Ta biyu gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Fulanin da muke maƙwabtaka da su tun kakanni suka riƙa kora shanu kudu, waɗanda suka kasa tafiya aka bar su a hanya. Mutane suka yi ta kwararowa daga ƙetaren iyaka da 'ya'ya a kafaɗa. Mata suka koma tafasa da ganyen da ko akuya ba ta kula shi a da. Ba wanda ya ƙara neman kafinta.

Sai 'yan kasuwa suka fara zuwa da manyan motoci suna sayen kayan gida. An fara da tasoshi da gadajen ƙarfe, aka koma kwanon rufi, daga nan sai ƙyamare. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda 'ya'yansa ke kuka ba ya tsayawa kunyar maƙwabci. Aka dawo ana aika wa Yaya, wannan karo don ya cire abin da ya kafa. Da fari ya ƙi. Amma da ya ga yadda wasu ke sa diga suna farfasa bango, katakon ya tsage, ɗakin ya lalace, mai saye kuma ya raina kayan, sai ya ɗauki buhunsa ya fita. Tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Yana zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, ya miƙar da su ya ba mai gida. Abu guda yake roƙo, a sayar da ƙyaure a bar firam a jikin bango, don in Allah ya kawo sauƙi a sami inda za a rataya wani. Wasu sun ji, wasu yunwa ta fi ƙarfinsu. Bai karɓi ko ƙwayar hatsi a kan wannan aiki ba, ko da yake gidansa ma tukunya ba kullum take hawa murhu ba.

Yana da aboki a Tsamaye, Bawa, tare suka yi ƙuruciya. Matar Bawa, Tumba, ta haihu a tsakiyar wannan hali, ko arba'in ba ta yi ba. Bawa ya sayar da jakinsa da garmarsa, ba abin da ya saura sai ƙyauren ɗakinta. Ya kira Yaya. Yaya ya cire shi, mai jego na zaune a ƙuryar ɗaki ta juya baya tana rufe jaririn da zane, kaji na shiga suna fita. Ya komo gida bai ci abinci ba. Washegari ya cire ƙyauren ɗakin matarsa, Ige, ya ari jaki ya ɗora.

Ige ba ta ɗauki abin da sauƙi ba, kuma ban ga laifinta ba. Tana da ƙananan yara biyu, ƙyauren nan kuwa shi kaɗai ya rage musu da za a iya musanyawa da hatsi in ta ɓaci. Ta tsaya a gaban jakin ta tambaye shi ko 'ya'yan Bawa sun fi nasa ne. Ita ta ba ni labarin da bakinta. Ta ce bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, “Ige, ke kin tashi. Waccan ba ta tashi ba. Mai jego ba ta kwana sarari ina da zarto hannu.” Ta kauce, amma ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba. Ya kai ƙyauren Tsamaye, ya rage masa tsawo ya dace da firam ɗin da ya bari, ya rataya.

Da ma a ce labarin ya ƙare da daɗi. Kafin wata ya zagayo, Bawa ya kwashe iyalinsa suka bi ayarin masu tafiya kudu, kuma ƙyauren ne ya zama guzurinsu. Yaya ya gan shi da idonsa a kasuwar Isa, cikin tarin ƙyamaren da ake lodawa a mota. Ya gane shi ta inda ya yanke. Da yake gaya mini, na ɗauka zai yi fushi irin nasa. Sai ya ce ai an cire shi da kyau, ko tsagewa bai yi ba, da alama Bawa ya kalli yadda ake yi. Daga baya labari ya zo cewa jaririn bai kai ga yaye ba. Bawa bai ƙara komowa ƙasar Gobir ba.

Abin da ya kai Yaya Isa aiki ne. Wani mai fataucin hatsi, wanda farin ya zame masa kaka, yana gina gida mai ɗakuna da yawa, ya ce zai biya da dawa. Yaya ya tafi. Abin da aka auna masa sai ya aiko gida, ya raba tsakanin Ige da mahaifiyarmu, wani lokaci har da ni. Waɗanda suka yi aiki tare da shi sun ce rabon cikinsa ɗan kunu ne da safe. Bazara ce mai tsananin zafi, sanƙarau kuma ya shigo garuruwa. Da ya tarar da jikin da yunwa ta riga ta cinye, bai sha wahalar kayar da shi ba.

A bayan motar kaya aka kawo shi, wuyansa a sandare. Gidana aka sauke shi saboda mu ne kusa da asibiti, amma asibitin ya cika har baranda, sai aka yi masa allura aka ce a koma da shi gida. Na shimfiɗa masa a uwar ɗakina. Yawancin maganarsa ta zafin ciwo ce, yana kiran a miƙo masa guduma, yana faɗa da wani bango da ya ƙi miƙewa. Sau ɗaya ya dawo hayyacinsa da la'asar, ya gane ni, ya tambaya ko an yi ruwa. Na ce ba a yi ba tukuna. Ya ce, “Za a yi. Ki ce ma Ige ta yafe man ƙyaurenta.” Ige na hanya daga Unguwar Lalle da ƙafa, goye da ƙaramin. Ta iso ta tarar an rufe masa fuska.

Da aka gama yi masa sutura, maza suka ɗauko shi daga ɗakin, biyu ta nan biyu ta can, suka wuce ta ƙofar ba tare da sun karkata shi ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya tsaya a tsakar gida ya fashe da kuka irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba. Daga baya ya gaya mini dalili. Ashe lokacin da ake kafa ƙofar sun yi gardama, shi yana cewa ta yi faɗi, ana ɓarnar katako. Yaya ya ce masa ƙofar ɗaki ana auna ta ne da abu biyu, gadon amarya da zai shiga, da mai ɗakin ranar da za a fito da shi. Ruwan kuwa an yi shi a daminar da ta biyo baya, gero ya yi kyau, amma ba da shi aka ci ba.

Yau nakan zauna in ce, da zai leƙo ya ga ƙasarmu, me zai ce? Ruwa na sauka, amma gonaki da yawa sun gagari masu su saboda 'yan bindiga. Mutanen Gatawa da ƙauyukan kewaye sun sake ɗaukar 'ya'ya a kafaɗa sun bar gidaje, kamar yadda iyayensu suka yi, sai dai waɗancan sama suke kallo suna jiran rahama, waɗannan kuwa daji suke kallo. Babban ɗansa, Lawali, walda yake yi a Sakkwato, kuma ba abin da aka fi nema wurinsa kamar ƙyauren ƙarfe mai sakata uku, har na ɗakin kwana. Yaya ya ɗauki ƙofar ɗaki a matsayin sutura, abin da mace za ta tura ta sauya zane, ta shayar da ɗanta, ta yi kukanta ba wanda ya gani. Ban san yadda zai ji ba in aka ce masa yanzu ana kafa ta ne don tsoro, kuma masu zuwan ba sa sallama. Ina jin zai yi shirun nan nasa, sannan ya duba aikin Lawali ya sami abin gyarawa.

Ige tana nan da ranta wurin Lawali, idanunta sun yi rauni. Saƙon na isar mata tun ranar, ta ce ta yafe tun kafin jakin ya fita daga gari, bakinta ne ya ƙi faɗa. Har yau in zancen ya taso sai ta tashi ta shiga ɗaki.

Daga aikin hannunsa ba abin kirki da ya saura. Abin da aka sayar ya tafi, gara ta ci wani, wasu gidajen sun rushe, wasu an ƙone su. Ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba. Kwanan baya jikansa, wanda aka sa wa sunansa, ya tambaye ni kamanninsa. Na buɗe baki in kwatanta, sai na tarar fuskar ta ɓace mini. Na yi ta nema ban same ta ba. Abin da ya zo mini bayansa ne: doguwar ƙeya, riga jiƙe da gumi, ƙusoshi a baki, yana tsaye a bakin ɗakin wani ya ba duniya baya yana gyara wa mutane inda za su shiga su fita. Haka na fi ganinsa, haka kuma na gaya wa yaron. Sai ya ce to da wane hannu kakan nasa yake riƙe guduma. Na ce hagu. Ya dubi hannunsa na hagu, wanda malamai suka yi ta fama ya daina rubutu da shi, ya yi murmushi.

Allah ya jiƙan Yaya Sanda, ya yalwata masa makwanci, ya haɗa da duk waɗanda farin nan ya ɗauka ba a rubuta sunayensu ko'ina ba. Mu da muka saura, Allah ya mayar da mu garuruwanmu lafiya.