Yafiyar da Ba a Aike Ni Ba

Ni mutum ne mai baki, duk Baure an shaida. Shekara talatin ina koyarwa a firamare, na saba in yi magana a yi tsit. To, bakin nan shi ya kai ni ya baro.

Ƙanena ya rasu ne a hanyar Zango, yana dawowa daga sayar da raguna. Wata tifa maƙare da yashi ta nemi wuce motar hayar da yake ciki a kan kwana, sai ga wata mota gaba da gaba. Tifar ta murɗe ta danne motar hayar, motar da ke bayansu kuma ta zo ta afka musu. Ba shi kaɗai aka rasa ba. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu ƙanana, biyu maza, da gonar gero guda wadda da ita suke ci.

Ranar sadakar uku mai tifar ya turo dattawa da buhun shinkafa da goro. Ƙofar gida ta cika, har da limamin unguwa. Babban dattawan ya sunkuyar da kai ya ce sun zo neman afuwa. Ni kuwa, da yake ni ne babba, na gyara murya kamar ina gaban aji.

"Ƙaddara ta riga fata. Mun yafe, duniya da lahira!"

Wuri ya ɗauki kabbara. Wallahi har cikin raina na ji daɗin yadda ake kallona. Matar mamacin tana cikin gida tana takaba, bango ɗaya ne tsakaninmu, amma ko leƙawa ban yi ba. A tunanina, ina ruwan mace da zancen dattawa? Washegari na je ofishin 'yan sanda na sa hannu cewa ba mu da ƙorafi.

A bakin ofishin na haɗu da wani Ibo mai shagon kayan gyaran babur, wanda shi ma ƙanensa ya mutu a hatsarin. Ya ja ni gefe, ya ce, "Malam, ka sa hannu ne? Kash! Babbar mota ba ta rasa inshora. Ka karɓi rahoton 'yan sanda, mu je wurin lauya tare. Ko ka je wurin alƙalinku. Yaran nan fa?"

Na daka masa tsawa. Na ce mu ba ma sayar da jinin 'yan'uwanmu. Bawan Allah ya kaɗa kai ya hau babur ɗinsa. Shi ya bi maganar har aka biya iyalin ƙanensa.

Bayan mako biyu mai tifar ya aiko mini da shadda ruwan ƙasa, wai godiya ga dattijon kirki. Na karɓa, na kai aka yi mini babbar riga da aiki har ciki.

Da takaba ta ƙare muka je kotu rabon gado. Rigar na sa, don ita ce mai kyau a cikin kayana. Aka lissafa gona da ɗaki da akuya biyu, sai alƙali ya ɗago ya ce, "An ce hatsari ne. Ina maganar diyya?"

Na miƙe da ƙwarin gwiwa. "Allah ya gafarta Malam, ai mun yafe."

"Ku wa?"

"Ni, yayansa."

"Malam, mamacin nan yana da 'ya'ya maza. Kai magaji ne?"

Abin da nake karanta wa yara a aji, wai ni ake tambaya.

Alƙali ya ce diyya haƙƙin magada ce, ta matar da marayun. Ko waliyyi ba ya da ikon zubar da rabon maraya don a yaba masa, balle wanda ba ya da ko ƙwayar gero a ciki. Ya juya wajen matar ƙanena ya tambaya ko an shawarce ta. Ta ce, "A'a. A bakin masu gaisuwa na ji." Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Alƙali ya ce sa hannuna bai kashe haƙƙinsu ba, suna iya shigar da ƙara. Na kwashi kunyata na nufi shagon mutumin da na yi wa tsawa. Ya ba ni kujera, ya kwatanta mini lauyansa a Daura, bai ce mini ko "ai na faɗa maka" ba. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: an rufe bincike a kan namu mamacin tun ranar da na sa hannu, an sayar da tifar, direban ya tsallaka Nijar, shaidu kowa ya kama gabansa. Lauya ya ce a gwada, sai dai kada mu sa rai. Muka yi ta sintiri har damina biyu, ba abin da ya fito. Fanshona bai riƙe gidana ba, balle gida biyu. A shekara ta uku aka sayar da gonar.

Ranar da aka yi cinikin na je na durƙusa a ƙofar ɗakin matar ƙanena, ni da furfurata, na ce ta yafe mini.

Ta daɗe tana tsince wake a faifai kafin ta ce, "Yaya, da ka leƙo ka tambaye ni ran nan, wataƙila da na yafe nawa da bakina, in samu ladan. Ko ladan ba ka bar mini ba."

Na miƙe zan fita, sai ta ƙara, ba tare da ta ɗago ba: "Rigar da ka sa a kotu kuwa ta yi maka kyau."

Ashe ta san inda rigar ta fito.