Ƙasar Gindin Ɓaure

A shekarar da hayaƙin gobarar dajin Kanada ya rine sararin New York ya koma ja, aka manna takarda a ƙofar lambunmu na unguwar Highbridge, wai za a gina gidajen haya masu rahusa a wurin.

Lambun ɗan fili ne tsakanin benaye biyu. Ina shuka yakuwa da kuɓewa, ina rubuta sunayensu da ajami a jikin katako. Maƙwabcina, mutumin Maraɗi mai tuƙa tasi, ba ya shuka komai, gindin wani ɓaure kawai yake zama. Wata rana ya gaya mini dalili. A nan ya binne cibiyar ɗansa, don ba shi da tsakar gida. Yaron bai cika shekara shida ba Allah ya karɓi abinsa, maƙabartar kuma tana da nisa.

"Malam, ranar taro kan ginin nan za ka tsaya tare da ni?"

"In sha Allahu, Alhaji. Na yi maka alkawari."

To amma 'yata da 'ya'yanta uku a ɗaki ɗaya suke kwana, jikin bango duk danshi, ƙaramarsu ba ta rabuwa da tari. Ranar taron unguwa, da aka ce masu son gini su ɗaga hannu, sai na ga nawa a sama. Alhaji ya waiwayo ya dube ni. Daga ranar ya sauya sahu a masallaci. Wata bakwai sallamata kawai yake amsawa, don ita wajibi ce.

Ana jibi motocin rusau za su zo, na ɗauki shebur da bokiti. Na haƙa gindin ɓauren a hankali ina bisimilla, na cika bokitin, na yanko reshe ɗaya. Hawa biyar na hau zuwa ɗakin Alhaji da gwiwoyin nan nawa.

"Alhaji, na karya alkawari. Abin da na iya cetowa ke nan."

Ya durƙusa ya nutsa hannunsa cikin ƙasar, ya daɗe a haka.

"'Yarka ta samu gidan?"

"Ƙuri'a za a yi. Wataƙila ma ba za ta samu ba."

Ya goge ido da bayan hannu, ƙasa ta ɓata masa fuska.

"Allah ya sa ta samu. Na yafe, Malam. Kama mini mu kai shi bakin taga."