Jar Alamar Faifan Inna

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, saƙar faifai ce sana'arta. A Ɗanzomo aka yi mata aure, can ta zauna har Allah ya yi mata rasuwa, kuma babu gidan biki a unguwarmu da faifanta bai shiga ba. Matan garinmu in za su kai tuwo gidan suna ko gidan aure, da faifai suke rufe kwano, in an watse kuma a kama rigimar wanne ne na wa. Saboda haka kowace mace da alamarta. Wata ta ɗaura tsumma, wata ta ɗan ƙona gefe. Inna kuwa a cikin saƙar take sa tata: a zagaye na uku daga tsakiya, inda ya kamata baƙi ya zagaye, sai ta soka jar kaba tsawon ɗan yatsa, ta ci gaba da baƙinta. Wanda bai sani ba zai ɗauka baƙar kabar ce ta yanke mata. Ina ƙarama ni ake aike in karɓo kwanuka, kuma komai yawan fayafayan da aka tara a tsakar gida, tun daga bakin ƙofa nake hango namu.

Bayan rasuwarta faifai ɗaya na ɗauko na taho da shi ɗakina a Gumel, inda nake aure. Lokacin na riga na fara koyon zane a waya, don zaman gida ya ishe ni. Akwai wani kamfani a ƙasar waje da ke ba mutum shafi kyauta a intanet, kamar rumfa a kasuwa. Ka ɗora zanenka, su nuna shi a jikin riga mai gajeren hannu. Ba sa buga ko ɗaya sai an saya. In wani ya saya, su buga, su aika masa har gida, su ware maka rabonka. Ba ka sayen yadi, ba ka ajiye kaya, naka kawai zane. Na yi wata da watanni ina ɗora furanni da rubuce-rubuce, ko ƙuda bai sauka a rumfar ba.

Ranar nan ina shan inuwa, idona ya faɗa kan faifan Inna a rataye. Na sauko da shi, na yi kwana tara ina bin saƙar zagaye-zagaye da ɗan yatsa a fuskar waya, har da jar alamar a mazauninta. Wannan zanen shi ya buɗe mini kasuwa. Hausawan da ke karatu da aiki a ƙasashen waje suka yi ta saye. Wata ta rubuto mini cewa da ta buɗe saƙon sai da ta ji ƙamshin tuwon gidansu. Na karanta saƙon nan ya fi sau goma, ina kuka ina dariya.

Sai taubashina ya ji labari. Ɗan kawuna ne, kawun da yake yayan Inna, kuma duk wanda ya san wasan taubasai ya san abin da ke tsakaninmu. Tun muna yara yake ce mini baiwarsa, ni ma in ce masa bawana. Ya sha ɗauke mini takalmi a gidan biki, ni ma na sha cinye masa naman sallah, ba mai cewa uffan. Yana da shago a Gumel, da injin da ke manna zane a jikin riga da zafi, yana buga wa makarantu da 'yan ƙwallo. Ya zo har gida ya zauna a kan tabarmata, ya sha kununa, ya ce, “Baiwata, ashe kin zama 'yar kasuwa ban sani ba? Turo mini zanen nan in buga miki ɗaya kyauta, ki gani da idonki.”

Gaskiya ina so in taɓa rigar da hannuna, don har lokacin a hoto kawai nake ganinta. Na tura masa ainihin zanen, cikakke, wanda ban taɓa ba kowa ba. Har yau in na tuna yadda na danna da murmushina, sai in ji kamar in mari kaina.

Riga ɗaya ya kawo mini, da alamarta da komai, na ji daɗi. Bayan 'yan makonni maigidana ya dawo daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya ce ya ga rigata rataye a wata rumfa, jeri guda, 'yan Nijar suna ta ɗauka. Ya sayo mini ɗaya don in gani. Na shimfiɗa ta a kan gado. Faifan Inna ne, babu ko tantama, sai dai zagaye na uku baƙi ne wuluk tun daga farko har ƙarshe. Taubashina ya goge jan.

Ban gama haɗiye wannan ba, sai na wayi gari an rufe mini shafi. Ashe ya buɗe nasa a wurin kamfanin, ya ɗora zanen. Da masu saye suka fara rubuta masa cewa wannan ai na wance ne, sai ya riga ni kai ƙara, ya ce ni na kwafi nasa. Su kuma can ba su san Gumel ba, ba su san Ɗanzomo ba, rufewa suke fara yi kafin tambaya. Na tura musu hoton faifan a hannuna. Suka amsa da ladabinsu mai ban haushi cewa sai wanda ya kai ƙarar ya janye da kansa.

Na kira shi. Dariya ya yi. Ya ce, “Haba baiwata, abin baiwa ai na ubangidanta ne. Tsokanarki kawai nake yi.” Na ce ya janye. Ya ce zai duba. Mako biyu yana dubawa.

Na ɗauki mayafi na tafi wurin Kawu. Na same shi a zaure yana jin rediyo, na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai. Bai ko rage muryar rediyon ba. Ya ce, “Ke 'yar nan, taubashinki za ki kawo mini ƙara? Yaushe aka fara? Abin da taubashi ya ɗauka ba a ce masa sata. In ya ɗauki naki, ke ma ki ɗauki nasa. Haka muka taso muka gani.”

Na ce, “To, Kawu. Na gode.” Na tashi. Ban san lokacin da na iso gida ba don baƙin ciki, amma maganarsa ta ƙarshe na riƙe ta gam, ban bar ko harafi ya zube a hanya ba.

Ban yi gaggawa ba. Ni ba mai mantuwa ba ce, kuma ba na jin kunyar faɗin haka. Na ci gaba da zuwa gidansa, ina wasa da 'ya'yansa, ina taya matarsa tsinke zogale, kunnena a buɗe. A bakinta na ji cewa ya samu aiki babba: rigunan gasar ƙwallo da za a buɗe ranar Asabar a Gagarawa, ƙungiya-ƙungiya, kowace riga da lambarta. Na kuma san halinsa, ba ya taɓa aiki sai wuri ya ƙure. Ranar Alhamis zai tafi Maigatari sayar da rigunan Inna, ya bar makullin shago a gida, Juma'a ya kwana yana bugu.

Na gaya wa maigidana abin da zan yi. Ya ce, “Ni dai ban ji ba, ban gani ba. Ki dawo kafin magariba.”

Alhamis da hantsi na shiga gidan, na ce wa matarsa, “Ba ni makullin shagon bawan nan nawa, zan ɗauki kayana.” Ta miƙo mini tana dariya, ta ce, “Yaya, ku dai ba kwa girma.” Na samu mai a-kori-kura, shi da wani ɗan dako suka ciccibi injin, nauyinsa kamar buhun gero biyu. Tela maƙwabcinsa ya leƙo yana tambaya, na ce masa ni taubashiyar mai shagon ce. Ya ce, “Au, to,” ya koma kan kekensa. Ban taɓa komai ba bayan injin. Na rufe shagon, na mayar da makulli, na shiga gaban mota muka kama hanyar Ɗanzomo. A ɗakin Inna na sa aka ajiye shi, inda take zama ta yi saƙa, na ja ƙofa na sa kwaɗo. A hanyar dawowa har gyaɗa na saya ina ci, rabon da in ji daɗin abu a bakina haka tun ranar da aka rufe mini shafi.

Da la'asar wayata ta fara ruri. Na bar ta ta yi ta yi. Can na ɗauka, na ce, “Bawana, ya kasuwa?” Abin da ya fito daga bakinsa ba zai rubutu ba. Na bari ya gama, na ce, “Haba, tsokanarka kawai nake yi.” Daga baya matarsa ta gaya mini ya ɗauki babur zai tafi wurin 'yan sanda, Kawu ya tare shi a ƙofar gida ya ce, “Taubashiyarka za ka kai ƙara? Yaushe aka fara?”

Washegari bayan an sauko daga masallacin Juma'a Kawu ya aika in zo. Na tafi da leda a hannu. Taubashina yana zaune a gefe, idonsa jajir, ko kallona bai yi ba. Kawu ya ce, “'Yar nan, wasa ya yi wasa, amma wannan abincinsa ne. Ki mayar masa.”

Na ce, “Kawu, nawa ma abincina ne. Amma ba shi ya fi ƙona mini rai ba.” Na buɗe ledar, na ajiye faifan Inna a gabansa, na shimfiɗa rigar da aka sayo a Maigatari kusa da shi.

A karon farko Kawu ya kashe rediyo. Ya ɗauki faifan, ya juya shi, babban yatsansa ya tafi kai tsaye kan jar kabar, ba tare da ya nema ba. Ya dubi rigar, ya bi zagaye na uku da yatsa har ya dawo inda ya fara. Ya ce wa ɗansa, “Ina jan?”

Ya ce, “Baba, na ɗauka kuskure ne, sai na gyara.”

Kawu ya mayar da idonsa kan faifan. Sannan ya ce, “Tun kafin a haife ka ƙanwata take aiko mini da tuwon sallah a rufe da wannan kuskuren.” Ya ɗora faifan a cinyarsa. Ya ce, “Ɗauko wayarka.”

A gabanmu ya rubuta wa kamfanin cewa ya janye, cewa zanen nawa ne. Na karɓi wayar na karanta, na sa ya ƙara cewa ƙarya ya yi tun farko. Na tsaya a kansa har ya goge zanen daga shafinsa da kuma cikin wayar. Kawu ya ce to yanzu a je a ɗauko inji. Na ce, “Kawu, in sun buɗe mini shafi zan kawo. Shi ma ai mako biyu ya yi yana dubawa.” Kawu ya dubi faifan da ke cinyarsa, ya bar maganar a haka.

Sai ranar Talata suka buɗe. 'Yan ƙwallon Gagarawa da fenti aka rubuta musu lamba a baya, rana ta yi zafi, gumi ya narkar da shi. Wani ya ɗauki hoton, na sa aka turo mini, kuma har yanzu yana cikin wayata. Masu gasar ba su sake ba shi aiki ba. Da na dawo da injin, aikin farko da ya yi shi ne manna jar alama a kan duk rigunan da suka rage, ɗaya bayan ɗaya, ina zaune a kan bencin shagon ina duba kowace. Kawu ya karɓi guda, yana sa ta a ƙarƙashin babbar rigarsa. Faifan kuwa ya roƙe ni in bar masa, na ce a'a.

Waɗanda aka riga aka sayar ba yadda zan yi da su. Nakan gan su jefi-jefi a jikin 'yan acaɓa, ko a tashar mota, zagaye na uku baƙi ƙirin, kuma duk ranar da na gani sai raina ya ɓaci sabo. Dangi suna cewa na wuce gona da iri, na kashe wasan da aka gada. Wataƙila haka ne. Tun daga ranar bai sake ce mini baiwarsa ba. In mun haɗu a gidan biki, sai ya russuna ya ce, “Ina wuni, Hajiya, ya yara?” kamar wata baƙuwa, in amsa masa da “Lafiya lau.” Sallar da ta wuce na cire takalmina a ƙofar ɗakin Kawu, na daɗe a ciki da gangan. Da na fito na same shi a inda na bar shi, an ma jera mini shi. Abin ya sosa mini rai fiye da yadda na zata. Amma da za a mayar da ni waccan Alhamis, motar nan dai zan sake kira.