Welji ɗan Damji, Matuƙin da Aka Yi wa Makoki Yana Raye

Haihuwa da tasowa

An haifi Welji a shekarar 1822 a garin Mandwi da ke bakin tekun Kach. Mahaifinsa Damji maɗinkin filafilan jiragen ruwa ne, sunan mahaifiyarsa Jetbai. Welji bai yi karatu ba, kamar yadda ba wanda ya yi a unguwar matuƙa, kuma wannan sakacin ne ya rushe gidansu daga bisani. Tun tasowarsa ba ya zama wuri guda, har mahaifiyarsa takan ce ko da igiyar anka aka ɗaure shi sai ya tsinke.

Aure da kama aiki

A shekarar 1843 ya auri Kunwarbai, suka haifi 'ya mace mai suna Sonbai a 1845. Kafin yarinyar ta fara rarrafe ya tafi Bombay, aka ɗauke shi aiki a Purna, jirgin yaƙi mai filafilai da igwa goma sha shida. Shekara biyar jirgin yana sintiri tsakanin Maskat, Basra da Zanzibar yana farautar 'yan fashin teku, bai taɓa cika wata guda a tasha ɗaya ba, kuma hakan ya yi wa Welji daidai.

Ƙa'idar jirgin ita ce wasiƙar matuƙi ba ta fita sai kyaftin ya sa hannu a bayan ambulan ƙarƙashin sunan jirgin, sannan tashar da aka tsaya ta buga hatiminta. Akawun jirgi ne yake rubuta wa Welji wasiƙunsa na gida, shi ma sau ɗaya a shekara, in Welji ya tuna.

Wasiƙar Adan

A watan Agusta na 1850 annobar amai da gudawa ta shiga Purna, aka killace jirgin a wajen tashar Adan. Welji ya kwanta, ya tashi, ya sa aka rubuta gida cewa ya sami lafiya. A lokacin annoba kuwa ma'aikatan tasha sukan yanke kusurwar kowace ambulan domin hayaƙin magani ya ratsa cikinta. Haka aka yi wa tasa.

A Mandwi, wasiƙa mai yankakkiyar kusurwa ma'anarta ɗaya ce, wato mutuwa. Ba a shigar da ita gida, a ƙofa ake karanta ta a yayyaga. Ranar da ta iso, mai karanta wa unguwar wasiƙu ya yi tafiya. Jetbai ta ga kusurwar, ta gane sa hannun kyaftin ɗin jirgin ɗanta, ta yayyaga ta a bakin ƙofa. A cikin manyan mutane sama da ashirin da suka taru, ba a sami mai hankali ɗaya da ya tsince gutsattsarin ba. Aka fasa awarwaron gilashin Kunwarbai kamar yadda ake yi wa matar mamaci, aka yi makoki na kwana goma sha biyu, bayan shekara aka ɗaura mata aure da Nanji, ƙanen Welji, bisa al'ada.

Shi kuwa Welji yana can an tura jirginsu gaɓar ƙasar Bama, bai sake sa an rubuta ba sai a 1852, bayan an riga an ɗaura auren. Laifinsa ke nan, kuma ba ƙarami ba ne.

Dawowa

Ya sauka Mandwi a watan Maris na 1853, ya tarar mahaifiyarsa ta rasu, matarsa tana goyon ɗan ƙanensa. Nanji ya sunkuyar da kai yana ta maimaita cewa kusurwar a yanke take, kowa ya gani.

Welji ya ce masa, "Kai kan kifi, duk garin nan ka rasa mai karanta layi uku?"

Nanji ya ce, "Yaya, kai da ka yi shekara biyu shiru, mu ne kan kifi?"

Kunwarbai ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baban Sonbai, dominka na fasa awarwarona. Gilashi kuma ba ya ɗinkuwa."

Dattawan matuƙa sun zauna kwana uku, suka yanke cewa auren Nanji yana nan, kuma wanda aka riga aka yi wa makoki ba ya kwana a gidan. Ya nemi a ba shi Sonbai, aka ce jirgin yaƙi ba wurin renon 'ya ba ne. Abu ɗaya ya samu, shi ma da ƙyar: a koya wa yarinyar karatu.

Shekarun ƙarshe

Ya koma Purna, ya matsa wa akawu har ya koya masa rubutu yana da shekara talatin da ɗaya. Daga nan duk tashar da suka tsaya sai ya rubuta wa Sonbai. Idan ana annoba, yakan tsaya a kan ma'aikacin tasha yana masifa har sai an huda ambulan da allura maimakon yanka, abokan aikinsa suna yi masa dariya suna kiransa Marigayi. Sonbai ta adana ambulan arba'in da ɗaya, daga hatimansu ne aka san inda jirgin ya bi: Bushir a 1856, Kalkata a 1858, Zanzibar a 1860.

A 1863 aka sauke igwogin Purna, aka mayar da shi rumbun gawayi a tashar Bombay. Welji ya zauna a cikinsa yana gadi, yana kai da kawo a kan jirgin da ba ya zuwa ko'ina, har aka farfasa shi a 1879. Bai sake aure ba. Sau biyu ya je Mandwi, ya gana da 'yarsa a bakin ruwa, ya juya a kwale-kwalen da ya kawo shi.

Rasuwa

Ya rasu ranar 9 ga watan Yuli na 1881 yana da shekara hamsin da tara. Tsofaffin matuƙa huɗu suka ɗauki gawarsa, suka ƙona ta a bakin teku kamar yadda addininsa ya tanada. Ya bar 'ya ɗaya, Sonbai, da jikoki uku: Ratanshi, Pragji da Lilbai, dukansu sun iya karatu. Da labari ya isa Mandwi, Sonbai ta roƙi dattawa a yi masa makoki. Suka ce ba a yi wa mutum sau biyu. Ta zauna kwana goma sha biyun ita kaɗai.