Ranar da Shanun Baba Suka Amsa Kiran Faifai

Abubuwa da yawa sun faru a gidanmu da na manta, har bikina ma sai an tuna mini wasu wurare, amma ranar da ƙanena ya kunna wa Baba faifansa ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Dogarawa. Baba manomi ne, amma shanunsa ne ransa. Ba su da yawa, sai dai kowace da sunanta, kuma da yamma idan ya tsaya bakin garke ya ɗaga murya, ko suna can bakin tabki sai sun ɗago kai sun kamo hanya. Kiran nasa ba ihu ba ne, wani ja ne mai tsawo da ke farawa daga ƙasan maƙogwaro ya hau sama, sannan ya jero sunayen. Sai ciwon wuya ya kama shi. Aka yi masa aiki, Allah ya ba shi lafiya, amma murya ta tafi, sai raɗa da ba ka ji sai ka kai kunne kusa da bakinsa. Tun daga nan ya daina zuwa bakin garke. Makiyayin da aka ɗauka shi ke koro shanun da sanda, Baba kuwa ya juya baya, wai yana gyaran igiya. Abin yana ci mini rai, don na san ba igiya yake gyarawa ba.

Ƙanen nawa shi ne auta. An tura shi Yamai koyon aikin lantarki, sai ya ɓuge da wani abu da yake kira kiɗa. In ya zo hutu, sai ka gan shi da 'yar na'urar ɗaukar murya, ya tsuguna bakin rijiya yana ɗaukar faɗuwar guga, ko ya shiga karan gero yana ɗaukar iska, ko ya bi injin ban ruwa a lambunan albasa. In ya koma, sai ya zuba su cikin kwamfuta ya ja su, ya haɗa da wani gunji na lantarki. Ba ganga, ba waƙa, ba inda mutum zai sa ƙafa ya taka. Ni dai na sha gaya masa cewa ko firji mai tsufa yana irin wannan kiɗan kyauta. Sai ga shi wasu mutane a Turai sun ji sun so, har suka buga abin a faifan garmaho, baƙin nan mai faɗi na zamanin kakanni, wanda ashe har yau akwai masu nemansa.

Baba bai ga abin burgewa ba. Ya aika aka kira auta, ya raɗa mini a kunne ni kuma na faɗa masa: ya tattara ya dawo gida ya kama shanu, tunda uban ba ya iya kiransu. Auta ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, amma yana roƙon abu guda, Baba ya saurari faifan sau ɗaya. In bai ji komai ciki ba, zai sayar da kayan kiɗan ya dawo. Baba ya gyaɗa kai. Na san yaron nan, in ya yi alkawari ba ya tashi, kuma na san in ya bar abin nan rabin ransa ya bari.

Ya koma Yamai ya zo da faifan rungume a ƙirji cikin motar haya, don ya ce rana tana lanƙwasa shi. Inna ta karɓa ta jingine shi bayan randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Na'urar juya shi kuwa aro ya yi wurin wani tsoho a Konni, aka haɗa ta da batirin sola da babbar lasifikar da ake haya don biki.

To, a nan Inna ta yi mana aikin. A wurinmu, in aka ce ɗan gida ya fitar da kiɗa kuma an ɗauko lasifika, ai biki ne. Ba ta tambayi kowa ba ta bi gida gida ta gayyato mata. Kafin la'asar ta sakko tsakar gida ya cika, an sha anko, an dama fura cikin manyan ƙore, an share fili an yayyafa ruwa don rawa. Gwaggo, wadda ba a biki a garin sai da guɗarta, ta ci ɗamara ta tsaya gaba. Auta ya dube ni, fuskarsa duk ta faɗa. Baba yana zaune kan tabarma jikin zana, ya harɗe hannuwa.

Aka ɗora allura. Sai wani gunji ya fara fitowa a hankali, mai kauri, ba ya hawa ba ya sauka. Mata suka gyara tsayuwa suna jiran ganga. Can sai ɗigon ruwa, ɗaya, sai an jima wani. Gwaggo ta riƙe hanci ta cika ƙirji da iska, ta jira, ta jira, har ta gaji ta sake shi.

"Yaushe za a hwara?" in ji ta.

"Gwaggo, ai an hwara," in ji auta.

Kawu, wanda ke gyaran injinan ban ruwa, ya taso da ƙarfinsa. "Wanga abu bel ɗinai ya saki. Ku ji yadda shi ka ja. Ba ni wuri, ɗana." Kafin a hana shi ya kai hannu ya tura wani maɓalli, faifan ya ɗauki gudu, gunjin ya koma kukan sauro. Gwaggo ta ɗauka yanzu ne aka shiga kiɗan, ta rangaɗa guɗa, wata ma har ta faɗa fili. Gida ya kaure da dariya. Auta kuwa idonsa ya kawo ruwa, kuma na ga Baba ya fara laluben takalmansa.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kawu, don Allah ka bar mai abu da abunai. Ba injin lambu na ba." Na durƙusa gaban Baba na riƙe takalmin. "Baba, alkawali kay yi mishi. Ka ji shi har ƙarshe."

Ya harare ni, amma ya zauna. Auta ya mayar da maɓallin, ya sake ɗora allura. Gunjin ya dawo, sai iskar karan gero, sai matan suka fara gane guga da kukan tantabarun gidanmu, surutu ya ragu. Can daga ƙarƙashin gunjin wata murya ta taso, tana ja daga ƙasan maƙogwaro tana hawa sama. Tsigar jikina ta tashi. Baba ne. Tun kafin ciwo auta ya ɗauki muryarsa a bakin garke, ranar da Baba ya kore shi ya ce ya kauce masa da wannan abin. Muryar ta fita ta lasifika da cikakken ƙarfinta tana jero sunayen shanu, ta haye zana ta bi gari.

Inna ta toshe baki da gyale. Ba wanda ya motsa. Sai muka ji kukan shanu daga wajen tabki, sannan ƙasa ta fara amsa kofato. Lokacin dawowarsu bai yi ba, amma ga su nan tafe a guje, makiyayi na bin su a baya yana ɗaga sanda a banza. Suka ture zana suka shigo tsakar gida. Mata suka watse, ɗankwali a nan takalmi a can, ƙoren fura suka kife, Kawu ya haye turmi. Tsohuwar jar saniya mai karyayyen ƙaho ta nufi lasifika ta shinshina ta, ta tsaya. Sai ta juya ta ratsa mutane ta je ta kafa hancinta a ƙirjin Baba.

Ban taɓa ganin Baba yana dariya da hawaye tare ba sai ranar. Dariyar ba ta da sauti, kafaɗunsa kawai ke rawa, ya riƙe kunnen saniyar yana shafa ta. Gwaggo, daga bayan rumbu inda ta ɓuya, ta saki guɗar da ta fi kowace da na taɓa ji daga bakinta.

Baba ya yafito ni, na kai kunne. "Ce mishi shi koma Yamai," ya raɗa. Ya ɗan tsaya. "Amma shi bar mani muryata."

Auta ya zuba masa kiran a 'yar rediyo mai katin waƙa. Daga ranar, kullum da yamma Baba zai sa hularsa ya tsaya bakin garke, ya ɗaga rediyon sama ya danna, shanunsa su zo. Faifan kuwa yana nan bayan randa, Inna ba ta bari ko ƙuda ya sauka kansa.

Har yau ban iya sauraren kiɗan ƙanena in kai ƙarshe ba tare da gyangyaɗi ba, kuma ina gaya masa. Amma ranar ta koya mini in bar mutum ya kai ƙarshen abin da ya kawo kafin in yanke masa hukunci. Da mun bar Baba ya sa takalman nan, da ya tashi ya bar muryarsa tana kira a bayansa.